Iyakwandishan mai kashi biyu a gidan da ba shi da bututun iska

Gidanmu tsohon gini ne, ba a yi masa manyan bututun da ke kai iska ɗaki-ɗaki ba, kuma fasa silin domin a saka su aiki ne mai cin kuɗi da cika gida da ƙura. Na yi tunanin iyakwandishan na taga, amma ƙararsa da yadda yake tare haske suka sa na fasa. A ƙarshe na zaɓi mai kashi biyu, wanda ake maƙala rabinsa a bangon ɗaki, a ajiye kwamfuresonsa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyaya, a waje, kuma yanzu shekararsa guda a wurina.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙantar aikin sakawa. Huda ɗaya aka yi a bango, faɗinta kamar santimita 7, aka zura bututun jan ƙarfe biyu da waya da tiyon zubar da ruwa. Na'urar mai ƙarfin sanyaya na BTU 12,000 ce, wato kusan kilowat 3.5, kuma ta wadatar da falo. Tana da inbata mai daidaita gudun kwamfureso, fasahar da Toshiba ta fara sakawa a iyakwandishan na gida a 1981, don haka kwamfureson ba ya ta tashi yana mutuwa. Rage gudu yake yi idan ɗaki ya kai yadda ake so. Da dare sai ka kasa kunne kafin ka ji motsinta.

Lokacin sanyi ne na tabbatar da darajarta. Ba ƙirƙirar zafi take yi kamar hitar lantarki ba, ɗebo shi take yi daga iskar waje ta shigo da shi ciki, shi ya sa kilowat ɗaya na wuta kan ba da kusan uku na ɗumi, alhali hita ɗaya kawai take bayarwa. Idan sanyi ya tsananta, takan ɗan dakata ta narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikin rabinta na waje, ɗakin ya ɗan huce na wasu mintoci.

Matsala ɗaya na fuskanta, kuma daga mai sakawa ce: bai karkata tiyon ruwan ƙasa sosai ba, sai ruwa ya riƙa ɗiga yana bin bango har fenti ya kumbura. Da aka gyara, bai sake ba. Filtarta kuwa ina wanke ta duk mako biyu, domin ƙura kaɗan ke rage mata ƙarfi. Mai ɗakuna da yawa ya sani cewa iskarta ba ta ratsa rufaffiyar ƙofa, kowane ɗaki sai da nasa kashin na ciki.