Lema zalla ko lema mai inji: wacce za ku ɗauka zuwa hamada?

Salamu alaikum, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, na ce sai na rufe shago in zauna a kanta da kyau. Ka ce ku tara ne, 'yan Aboabo da Asawase a nan Kumasi, kun fi shekara kuna zuba adashi, kuma burinku ku tafi hamada tare na mako biyu ku yi shawagi a kan rairayi. Bakwai a cikinku sun taɓa tashi a Kwahu lokacin Ista, amma ɗaure a gaban matuƙi, ba wanda ya taɓa riƙe igiyar birki da hannunsa. Abin da ya raba muku kai shi ne ko ku koyi lema zalla, wato lemar shawagi a sama marar inji wadda ake ce wa faragilaida, ko ku koyi mai inji a baya, wato faramota.

Na yi duka biyun, kuma in ka matsa mini zan ce lema zalla. Sai dai kar ka kai wa sauran wannan maganar tsirararta, don masu son inji a cikinku suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce.

Mu fara daga abin da kuka sani. Tun 2005 da aka soma bikin tashi da lema na Kwahu a nan Ghana, daga kan dutsen Odweanoma na Atibie ake tashi, a sauka a filin ƙwallon Nkawkaw. Dutsen ne ya ba ku tsayin nan kyauta, mota ta hau da ku, lema ta sauko da ku. Lema zalla ba ta da ƙarfin kanta ko na anini. Kullum gangara take yi a hankali, tana rasa kamar mita 1 a duk mita 8 ko 9 da ta ci gaba. Abu biyu ne ke hana ta taɓa ƙasa: iskar da ta bugi ƙirjin tudu ta yi sama, ko iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasar da rana ta gasa. Ta biyun nan ka sha gani. Shirwa da ungulu da ke kewaya saman mahauta da azahar ba tare da kaɗa fiffike ba, ita suke hawa.

Faramota kuwa lemar kusan ɗaya ce, sai dai an goya maka inji da farfela a cikin keji. Ba ruwanka da dutse, ba ruwanka da jiran iska. Ka sami fili shimfiɗaɗɗe, ka ɗaga lema, ka ruga, ka matsa totur, shi ke nan kana sama. To hamada ai yawancinta shimfiɗa ce, shi ya sa in a takarda ake lissafi mai inji ce ta ci. Hotunan nan da suka ɗauke muku hankali ma, na ayarin raƙuman gishiri a hamadar Tenere ta Nijar da inuwarsu ta miƙe a kan yashi, da faramota ake ɗaukar irinsu. Wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, George Steinmetz, ya koyi tuƙa ta a ƙarshen shekarun 1990 musamman don ya ɗauki Sahara daga sama, a Nijar da Cadi. Lema zalla ba za ta iya wannan aikin ba, gaskiya ɗaya ce. Ba za ka ce mata ta bi ayari ƙasa-ƙasa na tsawon awa guda ta yarda ba.

Amma ga abin da bidiyon Facebook ba ya nunawa. Hamada ta cikin ƙasa tana da lokaci biyu kacal da take barin baƙo ya tashi lafiya: daga gari ya waye zuwa hantsi, sai kuma sakaliya zuwa dab da magariba. Tsakanin nan rana na dafa yashi, iska mai ɗumin nan tana tashi da fushi, guguwa tana yawo. Guguwar da muke gani a filin makaranta da rani tana kwasar leda, a can takan yi tsayin da wuyanka zai gaji da kallo, kuma in ta kama lema tana iya ninke ta kamar tabarma. Saboda haka mai faramota yana idar da asuba ya hau shiri, ya yi awa ɗaya ko biyu a sama, sauran yinin yana ƙarƙashin rumfa yana shan shayi yana goge fulogi. Ƙwararrun lema zalla su kuma wannan iskar tsakar ranar suke nema, da ita suke cin kilomita ɗaruruwa. Su ne ƙwararru. Ga wanda bai fi wata uku da koyo ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai nauyi. Kayan lema zalla gaba ɗaya, da lemar da kujerar ɗaurawa da lemar ko-ta-kwana da hular kwano, ba su cika wuce kilo 15 ba, kuma jaka ɗaya ce ka goya, ka auna ta a filin jirgi kamar kowane kaya. Faramota da mai a tanki takan kai kilo 25 zuwa 35. Ka ɗauka rabin buhun siminti da ɗoriya ne a gadon bayanka, kuma ana so ka yi gudu da shi a cikin yashin da ƙafa ke nutsewa har idon sawu. Ƙari a kan haka iska mai zafi ba ta da kauri, don haka farfela ba ta turawa sosai, lemar ma ba ta ɗagawa da wuri, gudun sai ya ƙaru. Alhajin nan namu da ka ce shi ya fi kowa ɗokin inji, ka gaya masa da ladabi ya gwada zagaya filin ƙwallo sau ɗaya da jarkar ruwa a baya tukuna.

Kamfanonin jirgin sama kuma ba sa wasa da injin da ya taɓa shan fetur. Wasu sai an wanke shi tas an cike takardu, wasu ba sa karɓa sam. Ƙarshenta ko ka aika shi a matsayin kaya daban ka jira kwastan, ko ka yi haya a can. A kuɗi ma haka: sabuwar faramota da lemarta takan ci ninki biyu zuwa uku na cikakken kayan lema zalla, ban da mai da baƙin mai na gauraya da farfela ta canji. Ku tara ne fa. Ka buga lissafin a sidi ka ga ko adashin zai ɗauka.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don ka san yashi da inji ba sa ga maciji. A Maroko ne, kusa da Merzuga, inda tuddan yashin Erg Shebbi suke kai mita 150. Na yi hayar faramota a wajen wasu mutane da suka rantse mini an duba ta a daren. Na tashi lafiya, rana tana fitowa, tuddan sun yi ja kamar an yayyafa musu garin barkono. Minti ashirin da wani abu sai injin ya yi tari sau biyu ya yi tsit. Shirun nan ba zan manta da shi ba. Ban faɗo ba, kuma wannan ka riƙe shi a matsayin alherin faramota: in inji ya mutu lema ce ta rage a kanka, sai ka gangara a hankali ka zaɓi wurin sauka. Na sauka a wani kwari tsakanin tudu biyu ba ko ƙwarzane. Wahalar daga nan ta fara. Rediyon oba-oba ba ya jin kowa daga cikin kwarin, ruwan da na ɗauka gora ɗaya ce ƙarama, don na ce ai awa ɗaya zan yi. Na bar injin nan, na hau tudu da rarrafe, taku uku gaba biyu baya, kafin na sami mai jin muryata. Da aka kwance kafireta da yamma, yashi ne a ciki, kamar wanda za ka ɗiba da kan cokalin shayi. Shi kaɗai ya ishe shi. Farfela ma haka take shan wahala, duk tashi sai ta zuƙi yashi ya ci mata baki.

Yanzu maganar ratsa hamada da ka yi. Mu ɗauki Agadas zuwa Bilma, hanyar ayarin gishiri, kusan kilomita 600. Injin da aka fi yayi, irin Moster 185, yana shan kamar lita 4 a awa, tanki kuma lita 12 ko kusa da haka, ana tafiyar kilomita 40 zuwa 50 a awa in iska ba ta tare gaba ba. Tanki ɗaya ke nan kamar kilomita 130 ne, kuma mai hankali ba ya shanye tanki. Mutum ɗaya tanki biyar, ku tara lita 540, ba a yi maganar man motoci da ruwan sha da abinci ba. Wa zai ɗauko wannan? Motoci ne, da direbobin da suka san hanya, da makanike. Duk wanda ka ji ya ratsa hamada da faramota, ayarin motoci ne ya ratsa, shi yana shawagi a samansu safe da yamma. Kakanninmu da suka zo Gwanja fataucin goro sun san wannan tun kafin a ƙera mota: madugu shi ne uban tafiya, kuma shi ya san rijiya ta gaba. Ita Nijar ɗin ma ku ajiye ta a gefe yanzu. Na san ita ce a ranku, don harshe ɗaya muke yi da mutanen Agadas, amma yadda tsaro yake a yankin, musamman bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba lokacin da baƙi tara za su bayyana da injuna masu tashi da kyamarori ba ne.

Inda lema zalla ta yi zarra shi ne hamadar da ta haɗu da teku. A Namibiya, tsakanin Swakopmund da Walvis Bay, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai, tuddan yashin hamadar Namib suna fuskantar Tekun Atlantika kai tsaye. Ruwan wajen sanyi gare shi saboda igiyar ruwan teku ta Benguela da ke tasowa daga kudu, yashin kuma yana ɗaukar zafi, don haka da rana ta ɗaga sai iska ta taso daga teku, sumul, ba fizga ba tsalle, ta bugi tudu ta yi sama. A kan wannan iskar za ka yi ta kai da komo a gefen tudu, wani lokaci ƙafarka na jan yashi, wani lokaci ka ɗaga 'yan mitoci. In ka yi kuskure yashi mai laushi ne ya tarbe ka. Ranar farko da na je lemar ta ja ni da ciki kamar akuyar da ta ƙwace igiya, na tashi da yashi a haƙori, da na zo alwala har a kunne na tarar da shi. Malamin ya bar ni na gama tofarwa, sannan ya nuna mini yadda ake jan birki ɗaya a kashe lemar kafin ta yi ƙarfi. Kwana uku ina wannan wasan a ƙasa, hannu ya gane abin da baki ya kasa koya masa. Da yamma kuma sai an ɗaga lemar an zazzage yashin da ya shige aljihunanta, in ba haka ba gobe ta tashi a karkace.

Ga ƙungiya wannan ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Kowa yana ganin kowa, wanda ya gaji ya zauna a kan tudu yana yi wa na sama tsiya, ba ƙarar inji, kuma gari yana kusa da asibiti da abinci. Irin wannan wurin akwai shi a Ikike ta ƙasar Cile, a bakin hamadar Atakama, da kuma tudun Pilat a Faransa, amma ga mu mutanen Kumasi Namibiya ta fi kusa da hankali. Daga Accra za ku bi ta Adis Ababa ko Johannesbag zuwa Windhoek, daga can kilomita 360 ne a mota zuwa bakin teku. Ku nufi tsakanin Nuwamba da Maris. Watannin sanyinsu, wajen Mayu zuwa Agusta, akwai wata iska mai zafi da ke ɓallowa daga gabas da ƙura, ba a tashi a cikinta. Ku kuma duba kalanda kar tafiyar ta faɗo cikin azumi, don hawa tudun yashi sau ashirin a yini ba aikin mai ƙishi ba ne.

Aibin lema zalla shi ne jira. Wata rana hazo ya rufe bakin tekun har azahar, wata rana iska ta yi yawa, ku yini a zaune kuna kallon ƙyallen da ke nuna iska. Mai inji zai yi muku dariya a ranar. Ku bar shi ya yi. Duk abin da kuka koya a kan lema zalla, ɗaga ta, karanta iska, sauka, shi ne kashi mafi girma na tuƙa faramota, don haka wanda ya dawo yana son inji bai yi asarar ko kwana ɗaya ba. In kuma ana so a ɗanɗana, ku ware safiya ɗaya ku biya ƙwararre ya ɗauke ku a faramota mai kujera biyu, ku yi hotonku.

Abu biyu kafin in tashi. Kar wanda ya sayi tsohuwar lema a intanet don araha. Rana da yashi suna cinye yadin har ya riƙa yoyon iska, ido kuma ba ya gani sai an auna da na'ura. Ku fara da ta makaranta, mai lambar EN-A, wadda aka yi don masu koyo, kuma daidai nauyin kowa. Na san 'yan Suame Magazine, unguwar makanikan Kumasi, ba abin da ba sa gyarawa, keji in ya lanƙwashe za su miƙe maka shi, amma igiyoyin lema ba a kai su wajen tela. Na biyu, inshorar tafiya ta yau da kullum yawanci ba ta biyan raunin da aka ji a irin wannan wasan, sai ku nemi wadda ta rubuta shi ɓaro-ɓaro, har da kuɗin ɗauko mutum daga daji.

Ina da tsohuwar lemata da na daina tashi da ita, tana nan a kan silin. Ranar Asabar bayan la'asar ku same ni a shago mu nemi fili, kowa ya gwada ɗaga ta sama da kansa ya riƙe ta na minti ɗaya. Ku zo da takalmin ƙwallo da safar hannu, igiyar tana yanka.