Oenothera macrocarpa: ta ci kuɗinta, in dai ka ba ta busasshen wuri

A wani shagon sayar da shuke-shuke da ke bayan garin Lids, a Ingila, na ɗauko wannan shukar fure, cikin 'yar ƙaramar tukunya, da siraran ganye marasa ban sha'awa. Takardar jikinta ta ce duk shekara take dawowa, kuma haka ne. Mai saye ya karanta takardar nan da kyau, don 'yar uwarta Oenothera biennis, wadda ake tatsar mai daga irinta, shekara biyu take yi ta mutu, bayan ta watsa 'ya'ya ko'ina a lambu. Waccan miƙewa take yi har ta haura mita ɗaya. Wannan kuwa kwanciya take yi a ƙasa, da kyar ta kai santimita 30.

Furen ne abin magana. Ruwan ɗorawa ne mai haske, faɗinsa kusan tafin hannu, ya fi ƙarfin jikin shukar nesa ba kusa ba. Bayan la'asar yake fara buɗewa, ya kwana a buɗe, washegari ya yanƙwane, wani ya maye gurbinsa, haka daga Yuni har Satumba. Wanda ke wuni a wurin aiki ya dace: lokacin da kake dawowa gida, lokacin take kwalliya.

Asalinta tsakiyar ƙasar Amurka ne, jihohin Misuri da Kansas zuwa Teksas, a kan ƙasa mai duwatsu inda ruwa ba ya kwanciya. Sanyi ba ya kashe ta, jiƙar hunturu ce ke ruɓar da saiwarta, ga ƙasarmu a nan laka ce zalla. Shi ya sa na gauraya ramin da tsakuwa, na dasa ta a bakin dakali inda rana ke duka. Taki ma ba ta so da yawa.

Inda na ga laifin shagon: ba su gargaɗi mutum cewa saiwarta doguwa ce guda ɗaya, ba ta yarda da ƙaura, don haka a zaɓi wuri tun farko. Kuma tana makara wajen tsirowa bayan hunturu, sai ka ɗauka ta mutu. A kafa ɗan sanda a wurin kada fartanya ta bi ta kanta.

In lambunka inuwa ne ko yana riƙe ruwa, ajiye kuɗinka. Ni kam zan ƙaro wata don gefen matakala.