KardiaMobile 6L: ta iya kama bugu, ba ta ganin kumburi

KardiaMobile 6L na'urar auna bugun zuciya ce, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba. Ƙarafuna biyu ne a samanta, inda ake ɗora manyan yatsu, na uku a ƙasa, shi kuma a jingina shi da fatar gwiwar hagu ko idon sawu. Cikin daƙiƙa 30 za ta tura zanen bugun zuciya ta fuska 6 zuwa waya ta Bluetooth. Batirinta CR2016 ne, irin na agogo.

Da hunturu, sai an ɗan jiƙa yatsu, don busasshiyar fata tana yamutsa zanen. Kada kuma a yi awon yayin da waya ke caji.

Wajen kama bugun da ya rikice, ko ya yi gudu, ko ya yi sanyi, aikinta na kyau. Sai dai masu sayenta saboda tsoron kumburin tsokar zuciya sun yi ɓatan kai. Wannan ciwo galibi ƙwayar bairus ce ke kawo shi: Coxsackie B, adeno, parvo B19, mura ko korona. Matashi ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gudawa, ya ji sauƙi, ya koma ƙwallo, bayan mako ɗaya ko biyu sai ƙirji ya ɗauki ciwo, numfashi ya gaza. Hodar ibilis da maganin taɓin hankali clozapine su ma suna jawo shi, haka rigakafin korona na mRNA, amma jefi-jefi, an fi gani ga samari bayan allura ta biyu. Ga kuma mashaƙo, da ya addabi Kano a 2023: dafinsa tsokar zuciya yake ci.

A duk waɗannan, na'urar na iya nuna lafiya lau alhali tsoka tana kumbure. Ba ta da wayoyin ƙirji 6 da ECG, wato na'urar zanen bugun zuciya ta asibiti, ke da su, kuma ba ta auna jini. Abin da ke tona ciwon shi ne gwajin jini na tiroponin (sinadarin da ke ƙaruwa a jini in tsokar zuciya ta ji rauni), hoton zuciya na eko, sannan hoton MRI inda akwai.

Amfaninta na zuwa ne bayan likita ya tabbatar da ciwon, a watanni 3 zuwa 6 da ake hana mutum wasa mai ƙarfi: faɗuwar gaba ta zo, a ɗauki zanen, a tura wa likita. Ba a yi ta don 'yan ƙasa da shekara 18 ba.