Kanwa da bekin soda: dangi ne, amma kowa da aikinsa

Maman Ummi ta tambaya ko za ta iya sa bekin soda a madadin kanwa, tunda an ce mata duk abu ɗaya ne. Hajiya, wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba, amma da sauran magana.

Bekin soda sinadari ɗaya ne tal, sodiyam bayikabonet, tatacce daga masana'anta. Kanwa kuwa haƙo ta ake yi a yankin Tafkin Chadi da Nijar. A cikinta akwai wannan bayikabonet ɗin, haɗe da sodiyam kabonet wanda ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba, ga gishiri da yashi da suka biyo ta. Shi ya sa ake jiƙa ta a tsiyaye ruwan, a bar lakar a gindin kofi. Kuma ungurnun da kika saya a Kasuwar Bacci yau ba lallai ƙarfinta ya zo ɗaya da ta watan jiya ba. Bekin soda kuwa cokali ɗaya kullum cokali ɗaya ne.

A tukunyar wake duka biyun suna aiki, suna sassauta abin da ya ɗaure ƙwayar har ta nuna da wuri, gas ya huta. Suna kashe tsamin ƙullun waina, suna riƙe wa kuɓewa korenta. A ɗanwake da miyar kuka dai ni kanwa nake zaɓa, don ɗanɗanon nan nata bekin soda ba shi da shi. Amma kek, kada ki kuskura. Bekin soda idan ya haɗu da nono ko lemun tsami iska yake fitarwa mai tayar da ƙullu; kanwa za ta bar miki bauri da duhun launi.

Inda suka yi tarayya shi ne sodiyam, irin wanda ke cikin gishirin miya. Mai hawan jini da ya rage gishiri amma yana shan kunun kanwa safe da yamma bai rabu da sodiyam ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa, tare da wankan jego mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego. Haka kuma duka biyun suna lalata bitamin B1 na wake idan hannu ya yi nauyi.

In waken ne, ki jiƙa shi tun dare, sannan ɗan bekin soda a bakin ƙaramin cokali ya ishe tukunyar gida.