Sharhina kan Plickers, manhajar gwada ɗalibai da kati da waya ɗaya

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli ya san amsar "Kun gane?" Aji gaba ɗaya zai amsa da "Mun gane, Malam", sai ranar jarrabawa gaskiya ta fito. Wannan ne ya sa na nemi hanyar gwada yara cikin wasa, a darasin lissafi da nake koyarwa a aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Kano.

Kahoot! aka fara nuna mini, manhajar nan da ta fito daga ƙasar Norway a 2013. Tana da daɗi, amma tana so kowane ɗalibi ko kowane rukuni ya riƙe waya ko kwamfuta, mu kuwa ɗalibi bai isa ya shigo makaranta da waya ba. Shi ya sa na koma Plickers.

Ga yadda take aiki. Ana sauke katunan kyauta daga shafinsu, a kai wurin masu buga takardu. Kowane kati na ɗauke da baƙin zane mai kusurwa huɗu da lambarsa, kuma an rubuta A, B, C, D a gefuna huɗun. Malam zai haɗa kowace lamba da sunan ɗalibi. Idan aka yi tambaya, yaro zai juya katinsa yadda harafin da ya zaɓa zai koma sama, ya ɗaga. Ni kuma in bi ajin da kyamarar wayata daga wannan bango zuwa wancan. Nan take sunaye ke fitowa, kore ga wanda ya dace, ja ga wanda ya kuskure. Ba mu da majigi, don haka a allo nake rubuta tambayar, kuma hakan bai rage komai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne haruffan ƙanana ne, zanen kowa kuma daban. Ba yadda za a yi yaro ya leƙa katin na kusa da shi ya kwaikwaya. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba saboda kunya, a nan tana amsawa ba wanda ya san me ta ce sai ni. Na tambaye su wanne ya fi girma tsakanin 1/3 da 1/4. Da baki na tambaya, da haziƙan gaba sun amsa, sauran sun bi su, na wuce. Amma waya ta nuna mini ja birjik a layukan baya, har da wasu da nake ganin sun iya: sun ɗauka tunda 4 ta fi 3, to 1/4 ce babba. Na ajiye darasin gaba, na ɗauko takarda biyu, na yaga ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu, kowa ya gani da idonsa. Da na sake tambaya da 1/5 da 1/8, ajin ya koma kore sai 'yan kaɗan, su ma na san sunayensu.

Wasan kuwa ni na ƙara masa gishiri. Nakan raba su layi-layi, in rubuta makin kowane layi a gefen allo, layin da ya ci a yi masa tafi. Yanzu su ke tambayata yaushe za a fito da kati.

Akwai inda ta gaza, kuma ya kamata malami ya sani tun kafin ya kashe kuɗin bugawa. Katunan sun tsaya a 63, ajinmu kuwa ya haura haka. Dole na buɗe aji biyu a manhajar, in ɗauki rabin ɗaki, in canja, in ɗauki ɗaya rabin, abin da ke cin lokaci a darasin minti 40. Ta kyauta tambaya biyar kawai take bari a kowane jeri, sai ka biya a buɗe maka sauran. Tana buƙatar data, shirya tambayoyi kuma ya fi sauƙi a kwamfuta. Idan ɗakin da duhu, ko aka lulluɓe katin da leda mai sheƙi, kyamara kan ƙi karantawa, gara a manna shi a kan kwali. Yara kuma sukan rufe gefen zanen da yatsa, sai an yi ta tuna musu.

Babbar iyakarta ita ce zaɓi kawai take gani. Wanda ya yi canki-canka ya dace, kore zai samu daidai da wanda ya yi lissafi. Saboda haka ba na ɗaukar sakamakonta in zuba a makin C.A., wato makin gwaje-gwajen cikin zangon karatu. Bayan kowace tambaya nakan ta da mutum ɗaya ya faɗi yadda aka yi ya kai ga amsarsa, aikin rubutu a littafi kuma yana nan yadda yake.

Malamin da ajinsa bai wuce 63 ba, kuma yana da wayar Android ko iPhone mai kyamara mai kyau, ina ba shi shawara ya gwada ta, ya fara da tambaya uku a ƙarshen darasi. Wanda ɗaliban ajinsa suka kai ɗari da ɗoriya kuwa ya nemi abokin aiki su raba ɗakin, kowa da wayarsa.