Hattara da masu tallan fenti da takardar bango a waya, musamman a Jidda da Makka

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka, akwai wata damfara da ke yawo a WhatsApp da Snapchat, kuma ta fi ƙamari idan azumi ya gabato ko ana shirin kai amarya, lokacin da kowa ke son gyara ɗaki. Za ku ga hoton ƙaramin ɗaki an ƙawata shi kamar na otal, a ƙasa an rubuta fenti da takardar bango da kuɗin aiki duka a farashi ɗaya mai rahusa. Babu shago, babu sijil tijari (rajistar kasuwanci), lambar waya kawai. Da kun yi magana sai a ce ku turo arbun, rabin kuɗi, a sayo kaya. Wasu daga nan sai waya a kashe. Su ma da sauƙi, don asarar a fili take. Waɗanda suka fi cutarwa su ne masu zuwa su yi aikin.

Makaminsu rashin sanin lissafi ne, don haka ga lissafin. Ɗaki mai mita 3 a tsawo, 3 a faɗi, 3 a tsayi, bangonsa huɗu murabba'in mita 36 ne. A cire ƙofa da taga, a bar kamar 32. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, kuma shafi biyu ake yi. Ke nan lita 6 zuwa 7 sun ishi bango, silin ya ci kamar lita 2. Duk wanda ya ce sai an sayo babban bokiti mai lita 18 don wannan ɗaki kaɗai, ragowar zai kai wani aikin ya sake sayarwa. Wanda kuma ya zo da galan ɗaya ya ce ya isa, ruwa zai tuttula masa. A jikin kowane bokiti an rubuta iyakar ruwan da ake ƙarawa, ku karanta da kanku. Fentin da aka cika wa ruwa yana da kyau ranar farko, bayan sati biyu tsohon launi ya fara leƙowa, ka jingina da bango farin gari ya manne a rigarka.

Wata dabarar ita ce tsohon bokitin kamfani mai suna da aka cika da buya, wato fenti, mai araha. Kada ku karɓi bokitin da ya iso gida a buɗe. Shagunan gaskiya suna haɗa launi da inji a gaban mai saye, su manna takarda mai lambar launin a jiki. Ku je da kanku, ko ku tura wanda kuka yarda da shi, ku ɗauki hoton lambar, don ranar da za a yi faci ita za a nema.

Batun launi ma ana yaudara da shi. Hoton waya ba ya nuna gaskiya. Ƙaramin ɗaki, irin wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabci, launi mai haske yake so: fari mai ɗan ruwan madara, toka-toka mai haske, ruwan ƙasa mai sanyi. Mai neman rabuwa da kwantan kaya zai ce muku shuɗi mai duhu ne ake yayi. A shafa murabba'in mita ɗaya sau biyu, a bari ya bushe, a duba da rana, a sake dubawa da dare a hasken ƙwai, sannan a yanke shawara.

A takardar bango ne aka fi cin kuɗin mata. Naɗin da aka saba faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10, yana fitar da falle uku a bango mai mita 3. Bango ɗaya na ɗakin da muka ambata falle shida yake ci, naɗi biyu ke nan, a ƙara na uku idan zanen manya ne saboda daidaita fure da fure yana cin takarda. Ƙaramin ɗaki bango ɗaya ya ishe shi, wanda kan gado ke jingine da shi, in aka zagaye duka da manyan furanni sai ya ƙara matsewa. 'Yan damfara suna kawo naɗin da bai kai mita 10 ba, ko siririyar leda mai gam a baya su kira ta takardar Koriya, alhali ta Koriya faɗinta santimita 106 ne, kuma da kauri a hannu. A warware naɗi ɗaya a auna da tef kafin a biya. A duba lambar bugu a jikin kowane naɗi, dole ta zama iri ɗaya. In ta bambanta, falle ɗaya zai fi ɗan uwansa duhu, kuma ba a ganewa sai an manna.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne tsallake gyaran bango. Danshin Jidda ba wasa ba ne. Bangon da ke jikin banɗaki, ko ƙarƙashin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) mai ɗiga, in aka rufe shi da takarda ba a gyara yoyon ba, baƙar fumfuna za ta yi gida a baya, ɗaki ya riƙa wari, yara masu asma su sha wahala. Aikin gaskiya sai an kankare abin da ya kumbura, an cike ramuka da ma'ajun (kwaɓin liƙe ramukan bango), an goge da samfefa bayan ya bushe, an shafa asas, wato shafin share fage da ake yi kafin fenti. Tsohon fentin mai kuwa, in ba a goge shi an yi masa asas ba, fentin ruwa zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wasu kuma gam ɗin kafinta suke sa wa takarda, ranar cirewa ta taho da fatar bango, mai gida ya riƙe kuɗin ajiyarku.

Sun san wasu daga cikinmu na tsoron kai ƙara saboda matsalar iƙama (takardar izinin zama), shi ya sa suke bin unguwanninmu. To, a sayi kaya da sunan ɗan uwa mai cikakkun takardu, a karɓi fatura, wato rasit, mai lambar QR, a biya kuɗin aiki kashi-kashi, kashin ƙarshe sai shafi na biyu ya bushe an duba shi da rana. Idan shago ya sayar muku da jabu, a kira Ma'aikatar Kasuwanci a 1900 ko a shigar da ƙara ta manhajar Balagh Tijari, a haɗa da hoton fatura da na bokitin.