Shirin FAP na Sojin Amurka: Inda Yake da Amfani da Inda Ya Gaza

Ma'aikatar Tsaron Amurka ta kafa shirin FAP (Family Advocacy Program, wato shirin kare iyali) a 1981 domin magance cin zarafi a gidajen sojoji. Abin da ya fi burgewa shi ne rahoton sirri: matar da mijinta ke duka za ta samu likita da mai ba da shawara ba tare da kwamanda ko 'yan sanda sun sani ba, sai fa idan rai na cikin haɗari.

Ma'aikatan shirin suna duba abubuwan da kan ƙara haɗarin cin zarafi, kamar shan giya, ciwon firgici bayan yaƙi, ƙuruciya da yawan sauyin barikin da ke raba mace da danginta. Sai dai shirin ba ya hukunci. Kuma mata da yawa kan yi shiru, domin idan aka kori miji, albashi da gidan bariki sun tafi.